Mat ko mas? Wata malamar lissafi da sunan darasinta a Ingilishi

Sunan darasi shi ne abu na farko da ɗalibi yake rubutawa a bangon kayensa ranar da aka koma lakkwal, amma da wuya a sami wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi inda sunan ya fito. Ana karɓarsa ne kamar yadda ake karɓar sunan unguwa: nan aka tarar da shi, haka ake faɗinsa. A Nijar, darasin ƙidaya da awo yana da sunaye fiye da ɗaya. Tsofaffin ƴan lakkwal suna ce masa «calcul». A kolej da lise sunansa «mathématiques», ɗalibai su gajarta su ce «mat». A gida da kasuwa lissafi ne, a zauren malamai kuma hisabi. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma jera Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, wani sunan na biyar ya matso kusa, wato «mathematics». Kalma ce da ɗan lakkwal yake gani ya ɗauka ya santa, domin ta yi kama da ta Faransanci kamar an tsaga kara. Sai ya zo yin aiki da ita yake gane cewa kama da wane ba ta wane ba ce.

Wata malama a Maraɗi ta ga haka a cikin gidansu. Ta shekara tara tana koyar da lissafi a wani kolej na cikin gari. Ingilishi kuwa ta yi shi shekara bakwai, daga «sixième» har zuwa bak, kamar kowane ɗalibi, ta ci jarrabawa ta ajiye shi. Sai Allah ya yi wa wanta rasuwa a Kano, inda ya daɗe yana kasuwanci, dangi suka ɗauko ɗansa mai shekara 13 suka kawo shi wurin kakarsa. Yaron ya gama firamare a can, ya yi shekara ɗaya a ƙaramar sakandare, duk da Ingilishi. Takardar sakamakonsa ta nuna cewa a lissafi yana cikin na gaba-gaba a ajinsu. Aka sa shi lakkwal a Maraɗi, aka mayar da shi baya da aji biyu saboda harshe. Da zangon farko ya ƙare, ya zo da 4 bisa 20 a darasin da ya fi iyawa. Baffanninsa suka fara maganar a cire shi a kai shi gareji, tun da boko ya ƙi.

Wani dare malamar ta zaunar da shi a tsakar gida, ta tambaye shi darasin da ya fi so a can.

«Mas, Gwaggo.»

«Mi ne ne mas?»

Ya ɗauko tsohon littafinsa ya nuna mata bango. Ta duba ta ce, «Af, mat kake nufi.» Ya ce shi dai mas ya sani. Tsohuwa tana gefe tana ɓarar gyaɗa, ta ce, «Ke da angon nawa ku ce lissafi mana, kowa ya huta.»

Daga wannan dare malamar ta yanke shawarar ba za ta zauna jiran ranar da Faransancin yaron zai nuna ba. Ita za ta je ta same shi inda yake, ta koyi lissafinsa da harshen da ya koye shi, sa'annan ta jawo shi a hankali. Ta fara daga sunan darasin, tana zaton aikin minti biyar ne. Ya ɗauke ta makonni.

Abu na farko da ta gano shi ne ita da yaron kalma guda suke faɗa. A rubuce, Faransanci da Ingilishin Ingila duk «maths» suke gajarta sunan, haruffa biyar, babu bambanci ko ɗaya. A baki ne suka rabu. Bafaranshe yana karanta «th» kamar «t», ya bar «s» ɗin ƙarshe bai furta ba, sai ya tashi da «mat». Mutumin Ingila yana furta duka: ya sa tsinin harshe tsakanin haƙora ya hura iska, sa'annan ya bi da «s». Hausa ba ta da wannan sautin, kuma gaɓarta ba ta ɗaukar baƙi biyu a ƙarshe. Iyakarta baƙi da wasali, ko baƙi da dogon wasali, ko baƙi da wasali da baƙi guda. Don haka yaran Kano suka narke sautukan biyu suka zama «s» ɗaya.

Wannan sautin ba baƙon kunnen Bahaushe ba ne. Ya taɓa zuwa tun da daɗewa ta hanyar Larabci, shi ne harafin nan mai ɗigo uku a sama. A lokacin ma gida biyu Hausa ta raba shi. Daga saiwar Larabci mai nufin uku aka sami Talata da talatin da «t», aka kuma sami sulusi da «s». Tamanin ta bi «t», misali da hadisi da Usman suka bi «s». Ke nan «mat» da «mas» tsohuwar hanya suka bi, ko da yake ta Faransa ɗaya ta biyo, ɗaya kuma ta Ingila. Malamar ta tuna cewa ta sha wahalar wannan harafi a Islamiyya wajen koyon tajwidi, har ta iya. Da ta ciro shi daga can ta sa a tsakiyar «mathematics», sai ya zauna daram. Yaron kuwa ya sami abin dariya, ya ce, «Gwaggo, in kika je can kika ce ke malamar mat ce, za su ɗauka saƙar tabarma kike koyarwa.» Gaskiyarsa, domin «mat» a Ingilishi tabarma ce.

Akwai kuma wurin da ake danna murya. Faransanci yana ajiye nauyin kalma a ƙarshe. Ingilishi yana yawo da shi: a «mathematics» nauyin yana kan gaɓa ta uku, a «mathematician», wato masanin lissafi, ya matsa kan ta huɗu, a «arithmetic» kuma yana kan ta biyu. Mai Hausa a baki yana da sa'a a nan, domin kunnen da ya saba rarrabe karin sama da na ƙasa yana saurin kama gaɓar da aka ɗaga, muddin an ce masa ya saurara.

Matsala ta biyu ta fi ta farko zurfi. A cikin littafin yaron akwai wani ɗan insha'i da ya fara da «Mathematics is my best subject». Malaminsu na can ya sa masa alamar daidai. Ita kuwa abin da aka koya mata tun «sixième» shi ne «s» a ƙarshen suna alamar jam'i ce, kuma jam'i «are» yake ɗauka. Faransanci ma ya tsaya mata a kan haka, domin «les mathématiques sont» ake cewa, jam'i ne na mace, kowace sifa ta biyo baya sai ta bi shi. To ga kalma mai wutsiyar jam'i tana tafiya da aikatau na tilo. Ta duba ƙamus, ta tarar an rubuta cewa suna ne da ba a ƙirga shi, kamar ruwa ko ilmi. Ba a sa masa «a» a gaba, ba a cewa guda biyu. In ana son ƙirgawa sai a jingina shi da wani suna, a ce «a maths problem» ko «a branch of mathematics».

Amsar wannan wutsiya tana cikin tarihin kalmar. Asalinta Girkanci ne, «mathema», abin da aka koya, darasi kowane iri. Almajiran Pitagoras, wanda kowane ɗan kolej ya san ƙa'idarsa ta alwatika, an ruwaito cewa kashi biyu ne: «akousmatikoi», masu saurare su riƙe abin da aka faɗa, da «mathematikoi», masu koyo har su san dalili. Daga baya sunan ya taƙaita a kan fannoni huɗu da aka daɗe ana karantarwa tare a Turai: ilmin adadi, da awon siffofi, da ilmin taurari, da ƙa'idojin kiɗa. Tun da abubuwa ne da yawa, Girkanci ya kira su da jam'i, «ta mathematika». Faransanci ya riƙe jam'in har yau. Ingilishi ya fara karɓar kalmar ba tare da «s» ba a ƙarni na 14, ya koma ga mai «s» a ƙarni na 16, sa'annan da tafiya ta yi tafiya masu harshen suka riƙa jin abin a matsayin fanni guda, aikatau ya koma tilo, wutsiyar ta zauna a inda take.

A Faransa ma an taɓa yi wa jam'in tawaye. Gungun masanan da suka ɓuya a bayan sunan Nicolas Bourbaki sun fara fitar da littattafansu a 1939 da taken «Éléments de mathématique», babu «s», da gangan, don su nuna cewa ilmin ɗaya ne. Abin da su suka yi da niyya, Ingilishi ya yi shi a hankali ba tare da kowa ya zauna taro ba. Larabcin zamani kuma ya bi sahun jam'i, yana cewa «riyadiyyat» ga fannin gaba ɗaya, ya bar «hisab» ga ilmin adadi.

Ɗaliban kimiyyar harshe ba su tsira daga wannan ba, domin sunan nasu fannin yana cikin dangin. Faransanci yana cewa «la linguistique», «la physique», tilo babu «s». Ingilishi yana cewa «linguistics», «physics», «economics», da «s» amma tilo. Waɗanda suka riga shiga harshen tun kafin a fara yayin wannan wutsiya, irin su «arithmetic», «logic» da «music», sun zauna ba su da ita. Wasu kuma suna da fuska biyu. «Statistics is» ana nufin fannin ƙididdiga, «statistics are» ana nufin alkaluman da aka tara. Ke nan ma'ana ce take zaɓen aikatau, siffar kalma ba ta isa ta yanke hukunci ita kaɗai ba.

Da malamar ta jera jimlolin harsunan uku a takarda, sai ta ga wani abin da ba ta zata ba. A wurare da dama Hausa ta fi kusa da Ingilishi. Lissafi namiji ne tilo: lissafi ne, lissafi yana da wuya, daidai da «mathematics is hard». Bahaushe yana cewa ina son lissafi, kai tsaye, haka ma «I like maths», alhali Faransanci sai ya sa «les» a gaba. A wani wurin kuma Hausa da Faransanci ne suke layi ɗaya: malamin lissafi da «prof de maths» duk mutumin suke gabatarwa, Ingilishi ya juya ya ce «maths teacher». Gwaninta kuwa kowa da ƙaramar kalmarsa, Faransanci «fort en», Ingilishi «good at», Hausa ta ce ya iya, ko ta ce gwani ne. Ta lura cewa duk lokacin da ta bi ta Faransanci zuwa Ingilishi sai jimlar ta yi nauyi, in ta taso daga Hausa kai tsaye sai ta fi sauƙi. Tun daga nan ta daina fassara wa yaron daga wannan Turanci zuwa wancan. Ta mayar da Hausa tsakiya, kowanne ya zo ya same ta.

Tana cikin haka sai wayarta ta ƙara mata wani. Darussan da take kallo a YouTube don ta ji yadda ake faɗin abubuwa, wasu suna cewa «maths», wasu «math». Ta ɗauka kuskuren rubutu ne, ashe iyakar ƙasa ce. Amurka da Kanada «math» suke cewa. Ingila da ƙasashen da suka gaji makarantarta, irin su Najeriya, Ghana da Indiya, «maths» suke cewa. Mutanen Amurka sun yanke kalmar daga gaba suka yar da sauran, na Ingila suka yanke tsakiya suka bar harafin ƙarshe. Dukansu biyu tilo ne wajen aikatau. Ga ɗalibin Nijar, wanda maƙwabtansa masu Ingilishi tsarin Ingila suke bi, «maths» ce za ta fi yi masa aiki, amma dole ya san ɗayar, domin intanet cike take da ita. A can ne ma ta tsinci «do the math», abin da Ba'amurke yake faɗa in yana son mutum ya auna al'amari da kansa ya ga inda zai ɓulle. Wannan ba ta nemi ƙamus ba. Bahaushe ya daɗe yana cewa ka yi lissafi.

Sanin sunan ya buɗe mata ƙofar abin da ya kayar da yaron. Ana yawan cewa lissafi ba shi da harshe, alkalami ɗaya ne a ko'ina. Takardun jarrabawarsa sun ƙaryata wannan. Inda malaminsa ya rubuta 1,250 yana nufin ɗaya da rubu'i, yaron ya karanta dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin, domin a tsarin Ingilishi waƙafi dubbai yake rabawa, ɗigo ne yake raba cikakken adadi da ɓarinsa. A tsarin Faransanci waƙafi ne yake wannan aikin, dubbai kuma a bar musu fili. Rabawa ma kowa da shimfiɗarsa: a can adadin da ake rabawa da shi yana hagu, amsa tana sama, a nan yana dama, amsa tana ƙarƙashinsa. Bakwai ɗinsa ba ta da sanda a ciki, mai gyara ya karanta ta ɗaya. Da aka yi musu shiftar adadi aka ce «quatre-vingt-dix-sept», ya rubuta abin da kunnensa ya ji, 4 da 20 da 17, maimakon 97. Har manyan adadi ba su tsira ba: «billion» na Ingilishi shi ne «milliard» na Faransanci, «billion» na Faransanci kuwa ya ninka shi sau dubu. A cikin tambayoyi goma da ya faɗi, ta ƙirga bakwai da hanyar aikinsa daidai take. Yaron da ya saba neman dalili an mayar da shi cikin masu saurare, yana kwafar allo ba ya fahimta.

Ta ja layi uku a wani sabon kaye, Ingilishi a hagu, Hausa a tsakiya, Faransanci a dama. Kowane dare su cika shafi: tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa, kusurwa, da'ira, murabba'i. Shi yake ba ta na hagu, ita ta ba shi na dama, na tsakiya kuma su yi ta gardama, wani lokaci sai tsohuwa ta raba. Ba kalma kaɗai suke rubutawa ba, kowace sai an sa ta a jimla, an kuma rubuta alamar da ke tafiya da ita. Wannan musaya ta yi wa yaron wani amfani da ba a rubuta shi a takardar sakamako. Maraya ne da aka kawo garin da kowa yake ganin bai san kome ba, sai ga malamar kolej tana tambayarsa, tana rubuta amsarsa.

Tsohuwar ma ta shiga aikin ta inda ba a zata ba. Man gyaɗa take sayarwa, ba ta taɓa zama a aji ba, kuma da dala take ƙirga, kamar kowa a kasuwar Maraɗi. Dala ɗaya tamma biyar ce ta sefa, dala ashirin ɗari, dala ɗari biyu jikka guda. In aka sayi kwalba bakwai a kan dala ɗari da hamsin kowace, kafin malamar ta ɗauko bik tsohuwa ta ce jikka biyar da dala hamsin, wato 5250. Yaron da ya taso da naira dole ya koyi wannan kafin a aike shi, kuma duk wanda ya iya juya farashin da aka rubuta zuwa dala ya riga ya iya rabawa da biyar. In aka ce wa tsohuwar ta iya mat sai ta ce ita ba ta san shi ba, na ƴan lakkwal ne, lissafi dai Allah ya ba ta. A ganinta abubuwa biyu ne, kuma suna ne ya raba su. Yara da yawa suna shiga aji da irin wannan gani, su ajiye lissafin da suka iya a bakin ƙofa tare da takalmansu.

Ita kalmar lissafi ma baƙuwa ce da ta zama ƴar gida. Daga Larabci «al-hisab» take, Hausa ta haɗiye ta tare da alif da lam ɗinta, kamar yadda «al-kitab» ta zama littafi, «al-imam» liman, «al-khabar» labari, «al-akhira» lahira. A lissafi da littafi ma canji iri ɗaya ne ya faru, «b» ta ƙarshe ta koma «f», baƙin tsakiya ya ninku. Joseph Greenberg, a nazarin da ya buga a 1947 kan kalmomin Larabci a Hausa, ya kasa su hawa biyu: waɗanda suka riga shigowa ta bakin jama'a, da yawansu ɗauke da wannan lam, da waɗanda malamai suka kawo daga littattafai. Lissafi da hisabi tagwaye ne da suka nuna haka, uwa ɗaya, kowanne da hanyar da ya biyo da aikin da ya kama. Lissafi ya tafi kasuwa da makaranta. Hisabi ya tsaya a ranar sakamako da kuma aikin malaman da suke duba da adadin haruffa da taurari.

Abin mamaki, kalmar Turai ma ta taɓa zama a wannan zaure. A Latin na zamanin Rumawa, «mathematicus» sau da yawa mai duban taurari ake nufi, har dokokin daular suka jera su tare da masu sihiri. Gargaɗin da Augustine, malamin Kirista ɗan ƙasar da take Aljeriya a yau, ya yi a kan «mathematici», da masu duba yake, ba da masu auna kusurwa ba. A ƙasar Hausa ma iyakar ba ta da kauri. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake gina hatimin adadi, murabba'in da kowane layinsa yake ba da jimilla ɗaya. Masu neman asiri sun ɗauke shi nasu, masana tarihin lissafi na yau ma suna lissafa shi cikin nasu. Mutanen Maraɗi, waɗanda kakanninsu daga Katsina suka taso a farkon ƙarni na 19, suna da gado a wurinsa.

Hausa ta yi wa lissafi abin da Ingilishi bai yi wa «mathematics» ba a maganar yau da kullum, wato ta cire masa aikatau: a lissafa kaya, a lissafo sunaye. Ta kuma shigar da shi cikin hali. Mai lissafi shi ne mai tunanin gobe, wanda ba shi da lissafi kuwa ba a ba shi ajiya. Lissafi yana kwance wa mutum in al'amari ya rikice, wanda ya ƙirga ribar da ba ta zo ba kuma ya yi lissafin dokin Rano. Ingilishi ya rarraba waɗannan ayyuka ga kalmomi dabam-dabam: «arithmetic», «calculation», «accounts», «reckoning».

A ƙarshen shekara yaron ya haura rabi a lissafi, ya sami 12 bisa 20. Shiftar Faransanci tana nan tana ba shi wuya. Baffanni suka ce a ƙara masa shekara guda a gani, maganar gareji ta kwanta ba ta mutu ba.

Wannan faɗin ma'ana na lissafi shi ne hujjar masu cewa kalmar ba ta isa ta ɗauki «mathematics» ba. A ganinsu lissafi ƙirga ne kawai, ba zai rufe awon siffofi da aljabara ba, don haka a ƙirƙiro sabon suna ko a aro na Turai. Tarihin kalmar Ingilishin bai goyi bayansu ba. Ta fara da nufin kowane darasi, ta koma fannoni huɗu har da kiɗa, ta ratsa ta hannun masu duba, kafin ta zo inda take. «Geometry» awon ƙasa ne a asalinsa. Aljabara daga «al-jabr» take, ɗori ko mayar da abu mazauninsa, daga taken littafin al-Khwarizmi na Bagadaza a ƙarni na 9. Babu ɗayansu da aka haifa da ma'anar da yake ɗauke da ita yau, aji da littafi ne suka faɗaɗa su. Lissafi ya riga ya kama wannan hanya, a makarantu masu harshe biyu da Nijar ta fara gwadawa a Damagaram tun 1973, da kuma littattafan firamare na arewacin Najeriya. Yana da wata fa'ida da sabon suna ba zai samu ba: yaro yana jinsa ya san cewa abin da kakarsa take yi da dala yana cikin darasin.

Inda aikin ya rage shi ne wajen ƙamus. Yawancin jerin kalmomin fannoni da ake bugawa layi biyu ne ko uku, wannan kalma daidai da waccan, shi ke nan. Irin wannan jeri zai gaya wa malami cewa lissafi shi ne «mathématiques» shi ne «mathematics», ya bar shi bai san cewa ɗaya jam'i ce ɗaya tilo ba, bai san yadda ake furta ta ba, bai san akwai «math» da «maths» ba, balle ya san cewa waƙafi yana canza aiki in an ƙetare Jibiya. Malaman da suke aiki a garuruwan bakin iyaka, daga Ƙonni zuwa Ɗan Isa zuwa Magarya, suna karɓar yara irin wannan kowace shekara, kuma yanzu da Ingilishi ya zama harshen aiki buƙatar za ta wuce bakin iyaka. Ƙamus mai harshe uku da Hausa a tsakiya, wanda kowace kalma take zuwa da furucinta, da jinsinta da adadinta, da jimla guda ta misali, da alamar da ake rubuta ta da ita, aiki ne da malamin lissafi ba zai iya shi kaɗai ba, masanin harshe ma haka. Ɗalibin da yake neman batun kundin digirinsa na biyu zai iya farawa da darasin aji guda, ya zauna da malamin da yake koyar da shi, su cika shafi ɗaya kowane mako.